Kafin ka sa kuɗi a ƙwallon jami'o'in Amurka, karanta wannan

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Makonni uku da suka wuce wani ƙanena ɗan garinmu, yana aji biyu a nan makarantar, ya same ni a ɗaki bayan sallar Isha. Ba uwa ɗaya uba ɗaya muke ba, amma ranar da zai taho mahaifiyarsa ta kira ni a waya ta ce, "Ga amanar ƙaninka nan." Ya zauna a bakin katifa yana ta jujjuya waya a hannu, can ya ce, "Yaya, kai da kake karanta ƙididdiga, don Allah me ake nufi idan an rubuta Ohio State -24.5?" Na ce ina ka gani? Ya miƙo min wayar. Manhajar caca ce, kuma ba Firimiya ya buɗe ba, ba Laliga ba. Ƙwallon jami'o'in Amurka ne.

Gabana ya faɗi, don na san shafin. Ni ma na taɓa zama a kansa, a samistar farko da na fara mastas. Zan dawo kan wannan.

Ba wa'azi na zo yi ba. Duk wanda ya tashi a gidan Musulunci ya san hukuncin caca, ya san an ambace ta tare da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma malamanmu ba su gaza ba wajen faɗa. Sanin hukuncin bai hana ni ba a lokacin, bai hana ƙanen nan nawa ba. Abin da ke jan yaranmu yanzu wata magana ce da ke yawo a hostal: wai kamfanonin caca sun gama haddace Firimiya, ba a cin su a can, amma wasan jami'o'in Amurka yana da ƙungiyoyi da yawa, ba su iya bin diddiginsu duka, don haka nan ne ake samun kuɗin banza. Wannan maganar nake so mu zauna mu duba da lissafi. Tunda ana so a koya, bari a koya daga wanda ba shi da tiket ɗin sayarwa.

Farko dai wasan kansa. Ba ƙwallon ƙafar da muka sani ba ne, ya fi kama da zari-ruga. Ƙwallon kamar gwanda take, 'yan wasa 11 kowane ɓangare, da hular kwano da sulke a kafaɗa. Idan ka kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya ka samu maki 6, sai a ba ka damar bugun ƙarin maki 1, shi ya sa za ka ga maki yana tafiya bakwai-bakwai. Idan ka kasa kaiwa ka buga ta ta ratsa tsakanin sandunan nan biyu, maki 3 ke nan. Zango huɗu ake yi, kowanne minti 15, amma da tsaye-tsaye da talla wasa ɗaya yakan haura awa 3. Kuma kada kalmar "jami'a" ta ruɗe ka ka ɗauka irin gasar da muke yi tsakanin tsangayoyi ce a filin makaranta. Tun 1869 suka fara, da wasan Rutgers da Princeton. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, alhali babban filinmu na ƙasa da ke Abuja kusan 60,000 yake ɗauka. A rukuni na sama kaɗai akwai ƙungiyoyi sama da 130 a ƙarƙashin hukumarsu ta NCAA. Suna farawa a ƙarshen Agusta, su gama wasannin mako-mako a farkon Disamba, sannan wasannin kofuna su biyo baya har Janairu. Yawancin wasannin ranar Asabar ake yi.

To, ta yaya ake cacar? Mafi sauƙi shi ne ka zaɓi wanda zai ci, shi ke nan. Matsalar ita ce a wannan gasa bambancin ƙarfi yana da girma ƙwarai. Babbar makaranta takan gayyato ƙarama gidanta, har ta biya ta kuɗi, don ta lallasa ta a farkon kaka. A irin wannan wasa za ka ga od ɗin babbar 1.02. Ka sa N10,000, ribarka N200. Yaro ya ga wannan sai ya ce ai kuɗi ne a ƙasa, ɗauka kawai. Abin da bai lissafa ba shi ne faɗuwa ɗaya tak tana cinye ribar cin 50.

Saboda wannan ne suka fi yin caca da rata, wato abin da 'yan shagon caca a nan ke ce wa handikaf. Shi ne tambayar da ƙanena ya yi min. Ohio State -24.5 na nufin kafin a fara wasa an cire musu maki 24 da rabi. Idan ka bi su, cinsu kaɗai bai ishe ka ba, sai sun ci da ratar maki 25 ko fiye. Su ci 38 da 14, filin wasa na murna, kai kuwa kuɗinka sun tafi, don rata 24 ce, rabin maki ya kashe ka. Wanda ya bi ƙaramar ƙungiya da +24.5 shi ya ci duk da an doke ƙungiyarsa. Rabin makin nan an sa shi ne don kada a yi kunnen doki a mayar wa kowa kuɗinsa. Sai kuma oba da anda, wanda duk mai zuwa gidan kallo ya sani: maimakon 2.5 na ƙwallon ƙafa, a nan za ka ga 52.5 ko 61.5, wato jimillar makin ƙungiyoyin biyu za ta haura ko ba za ta kai ba. Akwai kuma wadda ake yi a kan ɗan wasa guda, misali yadi nawa zai jefa ƙwallo.

Yanzu ka tsaya ka lura da aikin da ratar take yi, don nan ne zuciyar maganar. Kai ka san Ohio State ta fi ƙaramar makaranta ƙarfi. Kamfanin ma ya sani, kowa ya sani. Sai ya ɗauki wannan sanin naka ya auna shi, ya mayar da shi maki 24.5, ya cire. Abin da ya rage bayan an cire shi ne wasan da bai da maraba da jefa kwabo sama, ko kai ko wutsiya. Duk abin da ka karanta a intanet kan wace ƙungiya ce ke tashe, an riga an zuba shi a cikin lambar kafin ka farka daga barci. Kuma lambar tana motsi cikin mako, duk lokacin da masu manyan kuɗi da manyan kwamfutoci suka ga ta karkace sai su danna ta ta daidaita.

Da a ce kwabo ake jefawa tsakani da Allah, wanda ya ci sai a ninka masa kuɗinsa, od 2.00 ke nan. Amma duba manhajar, ba za ka ga 2.00 ba. A Amurka suna rubuta -110, ma'ana ka sa dala 110 ka ci 100. A tsarin da muka saba gani shi ne 1.91, kuma ɓangarorin biyu duka 1.91 ne. Ka ɗauka ni da kai mun saɓa, na bi babbar, ka bi ƙaramar, kowa ya sa N11,000. An tara N22,000. Wanda ya ci a cikinmu zai karɓi N21,000. Ina N1,000? Tana aljihun kamfani, kuma bai damu da wanda ya ci ba. Kusan kashi 4.5 cikin 100 ke nan na duk kuɗin da aka zuba, kowane wasa, kowace Asabar. Don kawai ka tashi ba riba ba asara sai ka ci kashi 52.4 cikin 100 na cacarka. Idan od ɗin ya sauka 1.85, kamar yadda na sha gani, sai ka ci kashi 54. A wasan da aka tsara shi ya zama rabi da rabi.

Bari in faɗi nawa, ko da kunya. Lokacin da na shiga na gaya wa kaina cewa bincike nake yi. Ɗalibin ƙididdiga ne ni ai, ba irin masu bin son zuciya ba. Na buɗe shafi a kwamfuta ina rubuta komai. A kaka ɗaya na yi cacar rata sau 60, kowacce N1,000. Na ci 31, na faɗi 29. Ka ji fa, cin ya fi faɗuwar yawa. Da na haɗa lissafi, ribar 31 ɗin N28,210 ce, asarar 29 ɗin N29,000. Wata uku ina hana idona barci, sakamakon shi ne asarar N790. Da a nan na tsaya da abin dariya ne kawai. Amma wa ke tsayawa a nan? Ganin ribar N910 ba ta sayen ko kwanon shinkafa mai nama, sai na koma dogon tiket.

Dogon tiket kowa ya san shi: ka jera wasa 5, ko 10, a ninka od ɗinsu, amma dole duka su shigo. Nan ne kamfani ke yin sallah. Wasa 5 a 1.91 kowanne zai ba ka od kusan 25. Yana da daɗin gani, N1,000 ta zama N25,000. Amma damar ka ci kwabo sau 5 a jere 1 ce cikin 32. Abin da ya kamata a biya ka ninki 32 ne, aka ba ka 25. Rabon kamfani ya tashi daga kashi 4.5 zuwa kusan kashi 21. Idan wasa 10 ka jera, damarka 1 ce cikin 1,024, a biya ka ninki 643, rabonsu ya kai kusan kashi 37. Kuma ga muguntar abin, sau da yawa za ka ci 4 cikin 5, ko 8 cikin 10, ka zo kana cewa "wallahi wasa ɗaya ne ya yanka min tiket." Ai haka aka gina shi. A tiket mai wasa 5, damar ka ci 4 ka faɗi 1 ta ninka damar ka ci duka har sau 5. Wannan "saura kaɗan" ɗin ita ce ke dawo da kai mako mai zuwa. A dogon tiket na zubar da N47,000 daga kuɗin da na ware na zuwa tattara bayanan bincikena. Sai da na yi wa supabaiza ƙaryar rashin lafiya na jinkirta tafiyar da wata guda. Har yau idan na tuna fuskar mutumin yana min sannu, sai in ji wani iri.

Mu koma kan waccan magana ta cewa kamfanoni ba su san wasan jami'o'i ba. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa take kama mutane. Gaskiya ne wasan yana da wuyar hasashe. 'Yan wasan yara ne sa'o'in ƙannenmu, yawanci 'yan shekara 18 zuwa 22, yau su yi kamar zakuna, gobe su watse. A 2007 an ba USC ratar maki 41 a kan Stanford, Stanford ta je har gida ta ci 24 da 23. A Satumbar 2024 Notre Dame ta biya Northern Illinois dala miliyan 1.4 don ta zo a doke ta, baƙin suka karɓi kuɗin kuma suka ci 16 da 14, kuma wannan Notre Dame ɗin ce ta kai wasan ƙarshe a kakar. Wata guda bayan haka Vanderbilt ta doke Alabama 40 da 35, lokacin Alabama ce ta ɗaya a ƙasar. Duk wanda ya cusa irin waɗannan "tabbatattun" wasanni a tiket ɗinsa don ya ƙara od, ya ga abin da ya gani.

Amma wuyar hasashen nan a kan wa take faɗawa? Tambayar da ba a yi ke nan. Ƙwararrun gasar NFL dole ne su fitar da rahoton waɗanda suka ji rauni kafin wasa. A jami'o'i an daɗe babu wannan dokar, sai a 2023 rukunin Big Ten ya fara, SEC ta biyo a 2024. 'Yan wasa suna sauya makaranta kowace shekara, musamman tun 2021 da aka ba su damar samun kuɗi da sunansu, har ta kai ƙungiyar bara da ta bana suna ne kawai ɗaya. A wasannin kofuna na Disamba kuwa manyan 'yan wasa sukan ƙi bugawa don kada su ji rauni kafin a ɗauke su a NFL. Florida State ta ci wasanninta 13 duka a 2023, aka ƙi sa ta cikin huɗun da za su nemi kambu, 'yan wasanta da yawa suka janye daga wasan kofin da aka ba su, Georgia ta yi musu 63 da 3. Wanda ya duba tebur kawai ya ga ƙungiyar da ba a taɓa dokewa ba, me zai hana shi bin ta? Idan akwai wani labari da kamfani bai sani ba, wanda zai riga sani shi ne ɗalibin da ke zama aji ɗaya da mai jefa ƙwallon ƙungiyar, ya gan shi yana ɗingishi ranar Alhamis. Ba kai ba, da ke kwance a hostal a nan, ba ka taɓa kallon wasan daga farko har ƙarshe ba, kana bin lambobi suna canzawa a waya. Na tambayi ƙanena Ohio a wane ɓangaren Amurka take, ya yi dariya ya ce shi dai ya san suna ci. A duk kasuwar nan babu wanda ya kai mu rashin sani, kuma mu ne aka gaya wa wai mun gano ɓaraka.

Masu sayar da "tabbataccen od" a Telegram da WhatsApp ba sai na ɓata lokaci a kansu ba. Mutumin da ya san sakamakon gobe ba zai zauna yana roƙon N3,000 ɗinka ta shiga rukuni ba.

Su kansu masu wasan abin ya fara damunsu. Har zuwa 2018 dokar tarayya ta hana cacar wasanni a kusan duk jihohin Amurka, sai a watan Mayun shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar, yanzu jihohi sama da 30 sun halatta. Binciken da NCAA ta yi a 2023 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matasa 'yan 18 zuwa 22 sun taɓa yin cacar wasanni. A shekarar ce aka binciki 'yan wasa a jami'o'in Iowa da Iowa State, aka dakatar da wasu, har da waɗanda aka samu sun yi caca a wasan ƙungiyarsu. A Maris 2024 shugaban NCAA, Charlie Baker, ya fito ya roƙi jihohi su hana caca a kan ɗaiɗaikun 'yan wasan jami'a, saboda yadda waɗanda suka yi asara ke bin yaran da zagi da barazana. Ka yi tunani, ɗalibi kamarka, yana da jarrabawa ranar Litinin, ya buɗe waya ya tarar da ɗaruruwan saƙonnin tsinuwa don ya saki ƙwallo.

Akwai wata asarar da ba ta fitowa a shafin lissafi, ita ce ta lokaci, kuma ina zargin ita ce ta sa wasan ya samu shiga a wurinmu. Wasan da suka fara da 12 na rana a gabashin Amurka, ƙarfe 5 na yamma ne a nan, daidai lokacin da wasannin Firimiya na rana ke ƙarewa. Wanda tiket ɗinsa ya yanke a Ingila sai ya ga ga wata ƙofa a buɗe ta ramuwa. Wasannin darensu suna farawa bayan 12 na darenmu, na yammacin ƙasar kuma wajen 3 da rabi, su ƙare gari ya waye. Na sha jin kiran sallar Asuba daga masallacin makaranta ina riƙe da waya ina jiran wasu yara a Kalifoniya su ƙara maki 3. Ban manta ba, akwai ranar da na idar da sallah ban san me liman ya karanta ba, ina sallamewa hannuna ya tafi aljihu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Rayuwa ta yi tsada. Kuɗin makaranta ya hau, kuɗin mota daga nan zuwa gida ya ninka, abin da ake turo mana ba ya kai tsakiyar wata. Yaron da ya rage masa N2,000 ga sati biyu a gaba, idan ya ce bari ya gwada ko ta zama N50,000, ba hauka yake ba, matsuwa ce. Kuma e, akwai wanda ya ci. Duk mun ga hoton tiket ɗin da ake yawo da shi. A cikin mutum 1,024 da suka jera wasa 10, lissafi ya ce kusan ɗaya zai ci, kuma shi kaɗai zai ɗora hoto. Sauran 1,023 ɗin suna nan cikinmu a layin abinci, ba sa magana. Abin da nake cewa shi ne matsuwar ce ma ta sa bai kamata ba. Mai kuɗi ya yi asarar kashi 21 ya kira shi nishaɗi. Kai kuma abincin Laraba ne.

Mu da ke nesa da gida muna da wata matsalar ta daban. A Kano, Hisbah ta rufe shagunan caca a Oktoban 2024, kuma ko ba Hisbah, a unguwarku ba za ka iya shiga shagon caca ba tare da labari ya riga ka isa gida ba. A nan shagon yana bakin get, babu mai kallonka sau biyu, kuma ma ba ka buƙatarsa tunda yana cikin wayarka, haɗe da asusun da ake turo maka kuɗin makaranta. Kunyar da ke tsare mu a gida ba ta biyo mu mota ba. Shi ya sa nake ganin mu manya, 'yan mastas da 'yan ajin ƙarshe, muna da laifi. Muna tara yara a taron ƙungiyar ɗaliban jiha mu yi ta jawabi kan haɗin kai, ba mu taɓa tambayar waye bai yi rijista ba har yanzu, kuma me ya sa.

A daren nan ban yi wa ƙanena faɗa ba, ba ni da bakin yi. Na buɗe kwamfuta na nuna masa shafina na 31 da 29, na nuna masa inda N47,000 ta bi. Ya daɗe yana kallo. Sannan na ce ya buɗe tarihin asusunsa mu haɗa nasa. Ya ce, "Yaya, ba sai mun haɗa ba." Na ce sai mun haɗa. Tun daga ƙarshen Agusta zuwa ranar, N86,500. A ciki N60,000 kuɗin rijista ne, adashin da mahaifiyarsa ta ɗauka. Shi a ransa bai wuce dubu talatin da wani abu ba, don kwanakin da ya ci kawai yake tunawa.

Ya goge manhajar a gabana, amma ni na san gogewa ba wuya, sau uku na goge tawa kafin ta gogu. Abin da muka yi shi ne duk kuɗin da za a turo masa yanzu ta asusuna suke biyowa, in ba shi na sati. Ranar Asabar kuma a ɗakina yake kwana, wayarsa a cikin akwatina. 'Yan garinmu huɗu mun haɗa masa N35,000, saura N25,000, kuma an ce ranar Juma'a ta sama za a rufe rijista.

Jiya Hajiya ta kira ni tana tambaya ko ya gama biyan kuɗin, don ta ce ya daina ɗaga wayarta. Na ce mata ana kai, Hajiya, layi ne ya yi yawa. Ta sa min albarka ta kashe. Na gaya masa wannan ce ƙarya ta ƙarshe da zan yi a madadinsa, ranar Lahadi zai kira ta da kansa, ina zaune a gefensa.